Sifirin Hamdara

Litinin, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Shatu matata ta ce in daina shigo mata gida da maganar biro, wurin aikinmu, ta gaji. To, ga kaye, littafin rubutu, na saya. Shi ba ya gajiya da ji.

Wata bakwai ke nan muna kan manhajar nan, ni da Hannatu abokiyar aikina. Aikinta ɗaya ne. Wakilinmu na ƙauye zai ɗauki hoton zangarniyar hatsi da wayarsa, ita kuma ta ƙirga ƙwan murzuna da ke jiki, tsutsar nan mai cinye kan hatsi tun yana ɗanye. Garin da ƙwan ya yi yawa shi za a fara kai wa 'yan buhunan ƙwarin da ke kashe tsutsar. Buhunan bana ba za su kai rabin garuruwanmu ba. Wanda manhaja ta nuna shi zai samu.

Ni na rubuta ta da Kotlin, harshen da wayoyin ke ji, amma hoto ɗaya sai ya ci sakan hamsin. Delu, wakiliyarmu ta Hamdara, ta ce kafin ta gama gona biyu wayar ta yi zafi kamar tanda, batir ya mutu. Sai Hannatu ta sake rubuta ƙirgar da C, wadda ke magana da ƙarfen wayar kai tsaye. Nata ya yi sauri, ban musa ba. Saura a haɗa biyun: Kotlin ta miƙa hoto, C ta mayar da lissafi. Haɗin nan aikina ne. Nawa, ba nata ba.

Laraba, 6 ga Agusta, ƙarfe ɗaya na rana

Tun safe muke gaban allo. JNA, ɗaya daga hanyoyin haɗin, mun gwada ta jiya, ta kumbura manhajar, ga rezon waya na ƙauye ba ya ɗaukar kaya mai nauyi. Hannatu ta so a sake komai da Rust, a bar na'ura ta ƙera haɗin da kanta, amma ita ma ta san hatsi ba zai tsaya jiranmu mu koyi sabon harshe ba. Saura JNI, haɗin da mutum ke rubutawa da hannunsa. A nan muka rabu.

Ni na ce a nuna wa C inda hoton yake zaune a ma'ajiyar waya, ta karanta shi nan take, ba sai an kwafe ba. Sakan biyu. Ita ta ce a kwafa wa C nata hoton daban. Sakan huɗu.

Ta ce, "Alkasum, kayan aro kake ba ta. Wurin nan na kamara ne. Ranar da kamara ta karɓi abinta kafin C ta gama, manhajar ba za ta faɗi ba balle mu sani. Lissafi za ta ba ka, hankalinta kwance."

Na ce, "Sau ɗari uku na gwada. A wayata yana aiki."

"Wayarka ba irin ta Delu ba ce."

Direkter Ari yana tsaye bayanmu da kofin shayi. Ya ce shi bai san Kotlin ba bai san C ba, abin da ya sani manyanmu na Yamai za su zo gani ranar sha huɗu. Wanne ya fi sauri? Na ce nawa. Ya ce to magana ta ƙare.

Hannatu ta yi karatu a Dakar. Ni a sibar-kafen Zango, shagon hayar kwamfuta, na koya, ina zaune bayan masu buga takardun neman aiki har su tashi in samu kujera. Duk abin da na rubuta sai ta sami inda za ta sa jan biro. Yau dai ba ta sa ba.

Asabar, 9 ga Agusta, da hantsi

Na sake aunawa. Sakan biyu. A wayata yana aiki.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan azahar

Na buɗe fishiyen haɗin, inda rubutun manhajar yake, na tarar Hannatu ta bar mini rubutu a saman layi na 212: "Ka tabbata an riƙe hoton har C ta dawo." Kamar ɗan lakwal gaban malamin aji. Na goge.

Ta ce a nemo ƙaramar waya irin ta wakilai a gwada. Duk an raba su, babu ko ɗaya a biro. Ta ce ita za ta hau motar Mirriya ta karɓo ta Delu. Na ce ruwan shekaranjiya ya yanke hanya, kuma Delu na aiki da abarta. Hanyar ta yanke, wannan gaskiya ne.

Alhamis, 14 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Mutanen Yamai sun zo su uku. Na ɗora zangarniya a tebur, na danna, kafin babbansu ya gyara tabarau lissafi ya fito. Suka yi tafi. Direkter ya dafa kafaɗata ya ce, "Ga injiniyanmu, ɗan Damagaram ne gaba da baya."

Hannatu tana bakin ƙofa. Ba ta yi tafi ba. Na gani.

Juma'a, 22 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Lissafi ya iso daga garuruwa. Damagaram Takaya ta yi ja, ƙwai sun yi yawa. Mirriya tsaka-tsaki. Hamdara kuwa, cikin gona goma sha huɗu, goma sha ɗaya sifiri. Har da gonar Kawu Nomau, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana. Na kira shi ta wayar maƙwabcinsa na ce, "Kawu, bana Allah ya tsare ku." Ya yi ta hamdala, ya ce Allah ya yi mini albarka.

Hannatu ta ce, "Sifiri goma sha ɗaya, a shekara mai ruwa irin wannan? Mushe Ari, a tura wani ya duba da ido."

Direkter ya ce mota ɗaya gare mu, ƙwarin kuma ba sa jira a buhu, mutuwa za su yi. Sai ya dube ni. Na ce bara ma Hamdara ba ta sha wuya sosai ba.

Bara ma ba ta sha wuya ba. Kowa ya san haka.

Litinin, 25 ga Agusta, da safe

Buhuna sun tafi Takaya da gefen Mirriya.

Laraba, 3 ga Satumba, bayan la'asar

Delu ta kira. Ta ce, "Malam Kasum, idona da wayar nan ba su yarda da juna ba. Ina ganin tsutsa, ita tana ce mini babu."

Na ce ta goge gilashin kamarar da tsumma mai tsabta. Ta ce ta goge. Na ce ƙila rana ce ta yi yawa, ta ɗauka da safe. Ta ce da safe take ɗauka. Rezo ya yanke. Ban sake kira ba.

Wayoyin nan da proje, shirin namu, ya saya, ko yaro ba za ka ba ya yi wasa da su ba. Na faɗa tun farko. Wa ya saurare ni?

Laraba, 10 ga Satumba, ƙarfe biyu na rana

Kawu ya zo. Shi da ba ya shigowa Damagaram sai da dalili, ya hau motar Mirriya, ya hau kabu-kabu, ya tambayo biro har ya same shi. Ya shigo da abu naɗe a ƙyalle, ya kwance a kan teburina. Zangarniya biyar. Tsutsa ta zagaye kowacce daga gindi har kai, ta bar hanya kamar an murɗa igiya. Ka shafa da yatsa, sai gari ya zubo.

Ya ce, "Kasum, kai ka ce Allah ya tsare mu."

Na ba shi kujera, bai zauna ba. Na ce a kawo ruwa, ya ce ya sha a tasha. Hannatu ta taso ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗauki zangarniya ɗaya ta daɗe tana juya ta. Ba ta dube ni ba. Da ta duba ma da ya fi mini.

Ya ce duk garin haka ne. Ya tafi ya bar mini su.

Alhamis, 11 ga Satumba, da safe

Ban buɗe fishiyen ba.

Juma'a, 12 ga Satumba, bayan masallaci

Ban buɗe ba. Shatu ta ce me ya sa tuwo ke dawowa yadda ta kai shi. Na ce masassara.

Litinin, 15 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

An yi taro. Yamai sun bugo waya sau biyu tun safe, suna son sunan mai laifi.

Direkter ya ce, "Wa ya rubuta abin da ke ƙirga ƙwan?"

Hannatu ta ce, "Ni ce."

"Nawa ya ƙirga a Hamdara?"

"Sifiri."

"To."

Tambayoyin da aka yi ke nan. Ni ba a tambaye ni komai ba. Wanda ba a tambaya ba, me zai amsa? Kuma ban tabbata ba. Har yanzu ban tabbata ba, ban duba ba, mutum ba ya rantsuwa a kan abin da bai gani ba.

Fanka tana ta juyi. Akwai tsaga a bangon ɗakin taron, daga taga har ƙasa, yau na lura da ita.

Talata, 16 ga Satumba, ƙarfe tara na safe

Teburin Hannatu babu kowa, an sallame ta. Ta kwashe komai, sai zangarniyar Kawu guda da ta bari a tsakiya.

Da ta so ai da ta yi magana. Bakinta ba a ɗaure yake ba. Ita da ke da amsar komai, ita da ta yi Dakar, ranar da ake buƙatar bakin sai ta zama kurma. Don a ce ta fi kowa haƙuri. Don in zauna nan ni kaɗai ina kallon tebur.

Alhamis, 18 ga Satumba, bayan azahar

Delu ta aiko da wayar ta hannun direban Mirriya, naɗe a leda, ba saƙo.

Na sa manhajar ta ajiye mini hoton da C take gani lokacin da take ƙirga. Na ɗauki zangarniyar da ke teburin Hannatu, na danna, na sauke hannu kamar yadda kowa ke yi. Lissafi ya fito: sifiri. Na buɗe hoton.

Siminti ne. Siminti da babban yatsan ƙafata.

Layi na 212. Ina miƙa wa C wurin, sai in saki hoton nan take, kamara ta ci gaba da zuba sabo a kai. A wayata C tana gamawa kafin a taɓa wurin. A ta Delu ba ta kai ko'ina ba an riga an zuba wani, kuma a lokacin Delu ta sauke hannu. Yashi take ƙirgawa. Gona goma sha ɗaya, yashi da takalmin Delu.

C ɗin Hannatu ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. An ba ta yashi, ta ce babu ƙwai a yashi.

Na sa a kwafa mata hoton. Layi shida. Minti goma bai cika ba. Na sake dannawa da wayar Delu, ta gano ɓarnar tsaf.

Juma'a, 19 ga Satumba, ƙarfe sha ɗaya

Na shiga wurin Direkter na nuna masa hoton yatsana. Na yi masa bayani sau biyu. Ya tashi ya rufe ƙofa.

Ya ce, "Takardar rapor ta tafi Yamai tun Talata, da sa hannuna. Kana so in bugo musu in ce na kori wadda ba ta yi laifi ba? Na rasa ɗaya, so kake in rasa biyu? Wa zai riƙe mini manhajar baɗi?"

Na ce, "Mushe, sunanta fa."

"Tana da takardu, za ta samu wani wuri. Kai ina za ka? Ka gyara?"

"Na gyara."

"To ka gyara, ka yi shiru. Allah ya riga ya rubuta."

Na fito. Abin da zan rubuta nan ba zan faɗa wa kowa ba: da ya ce in yi shiru, sanyi na ji a raina. Har bakin ƙofa ina jin sanyin.

Lahadi, 21 ga Satumba, bayan la'asar

Na je gidan su Hannatu a Sabon Gari, na bari sai da suka taso daga coci. Mahaifinta, Baba Filibus, tsohon mushen lakwal ne, malamin makaranta. Yana zaune a zaure. Ya karɓe ni kamar kullum, ya ce, "Shigo, ɗana," ya sa aka kawo mini ruwa. Ban san ko ya sani ba. Na ajiye kofin.

Ta fito da ɗankwalin coci a kanta. Ta ce, "Malam Alkasum." Shekara uku muna aiki ba ta taɓa ce mini malam ba.

Na fara bayani, ta ce, "Layi na 212."

Na ce ta sani ke nan.

"Tun ranar da kawunka ya kwance ƙyallen nan."

"Me ya hana ki faɗa a taro?"

"Da wace shaida? Wayar tana Hamdara. Da na faɗa, cewa za a yi Hannatu ta ga wuta ta tura abokin aikinta. Kai kaɗai ka san abin da ka goge." Sannan ta ce, "Na ɗauka za ka yi magana. Har na kai ƙofa ina tafiya a hankali."

 Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Ni ma ban fita ba. Na ga sifiri goma sha ɗaya, na yi magana sau ɗaya, aka ce a'a, na koma kujerata don kar a ce na cika gardama. Da na hau mota ranar. Wannan nawa ne, ni zan ɗauka. Naka kuma ba a zauren nan za ka sauke shi ba. Ka san Delu ba ta iya zuwa rijiya sai mata sun watse? Ce mata suke mai wayar ƙarya."

Ban sani ba. Ban tambaya ba.

Ta ce ranar Alhamis za ta Maraɗi wurin yayarta, ƙila ta samu koyarwa. Baba Filibus ya raka ni har titi. Da zan hau babur ya ce, "Ka gaida gida," ya riƙe hannuna ya ɗan daɗe bai saki ba. Ya sani.

Juma'a, 26 ga Satumba, bayan la'asar, a tashar Mirriya

Na je garinmu Hamdara. An fara girbi. Gonar da Kawu ke ɗaure dami arba'in, na ƙirga tara a bakin rumbu, su ma rabi ƙaiƙayi.

Na same shi yana gyaran igiya, na durƙusa na faɗa masa. Ban kawo Kotlin ba, ban kawo C ba. Na ce akwai hanya biyu, ɗaya mai sauri ɗaya mai tabbas, an gargaɗe ni, na ɗauki mai sauri.

Ya ce, "Kai ne, ba yarinyar nan da ta gaishe ni ba?"

"Ni ne, Kawu."

"Ba Delu ba?"

"Ba ita ba."

Ya ci gaba da murza igiyar. Can ya ce, "Mai tabbas ɗin, kwana nawa za ta ƙara muku?"

Na ce ba kwana ba ne. Sakan biyu ne a kowane hoto.

Ya ce mene ne sakan. Na tafa hannu sau biyu.

Ya daɗe yana kallon hannuwana. Bai zage ni ba. Ya ce, "Tashi. Bayan sallah ka faɗa a ƙofar masallaci yadda ka faɗa mini, da tafin duka."

Na faɗa. Mutum ya fi sittin. Wani ya yi tsaki, wani ya ce 'yan boko ke nan, da yawa suka sa takalma suka tafi tun ban gama ba. Liman ya ce a aika a gaya wa mata.

Na je ƙofar gidan Delu da wayarta, na ce na gyara. Ta fito ta tsaya, hannu a bayanta. Ta ce, "Na kira ka, Malam Kasum. Ka ce in goge gilashi." Na ce haka ne. Ta ce in ajiye a kan turmi. Na ajiye. Ta koma ciki.

Kawu bai ce in kwana ba.

Litinin, 29 ga Satumba, ƙarfe sha biyu

Na rubuta wa Yamai da safe. Shafi ɗaya: abin da ta faɗa ranar shida ga Agusta, rubutun da na goge, hoton yatsana, da layuka shidan gyaran. Na aika wa Direkter kwafi, na aika wa Hannatu.

Bai fi rabin awa ba ya shigo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ka ji daɗi yanzu? Hatsin ya dawo?" Ya ce in bar makullin biro wurin mai gadi har a ga abin da Yamai za su ce.

Hatsin bai dawo ba. Daɗin ma ban ji ba. Na gaya wa Shatu komai a tsakar gida tana wanki. Ta matse zanen da ke hannunta ta ce, "Buhun hatsinmu na ɗaki, gobe ka kai wa Kawu rabi." 

Talata, 30 ga Satumba, da hantsi

Yamai shiru.

Laraba, 1 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Saƙo daga Maraɗi. Babu sallama, babu suna.

"Na karanta gyaran. Layi na huɗu: in C ta dawo da kuskure ba ka sakin kwafin, bayan hoto talatin wayar Delu za ta cika ta tsaya. Ka gyara kafin baɗi, ko kai ne a wurin ko ba kai ba."

Na buɗe na duba. Haka ne.

Na gyara, na aika mata. Ta gani, ba ta amsa ba.